Tsohon filipa mai tsatsa a siton kawu: a gyara ko a bar wa 'yan gwangwan?

Ɗan Yelwa, Garwa:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka san kayan wuta na da.

Bayan rasuwar kawunmu, Allah ya jiƙansa, aka ce ni da Yaya mu kwashe sitonsa na bayan gida saboda za a sa mai haya. Kawu ɗan gwanjo ne tun yana saurayi. Duk abin da Turawan kamfani suka bari in za su koma ƙasarsu, shi yake saye: firji, kujerun ƙarfe, keken ɗinki, fanka. A can ƙuryar siton, ƙarƙashin tsofaffin tabarmi da buhuna, muka tarar da wani dogon akwati mai gilashi a sama. An kwance ƙafafunsa huɗu an jingine a bango, shi kansa akwatin kuma an ɗora shi a kan bulo. Filipa ne, wanda ake harba ƙwallon ƙarfe a riƙa tare shi da 'yan hannuwa biyu kada ya faɗa rami. A gilashin kan, wato ɓangaren da ke tsaye a baya yana nuna maki, an rubuta Royal Flush, ga kuma sunan kamfanin da ya ƙera shi, Gottlieb. Na duba a intanet na ga wai na 1976 ne, na mutum huɗu.

Ga halin da yake ciki. Ƙafafun sun yi ja wur da tsatsa. Ƙofar gaba, inda ake jefa kuɗi, ita ma ta ci tsatsa har makullinta ya ƙi juyawa, sai da na sa direla na huda shi. Ƙarafan da ke gefen gilashi sun yi tabo-tabo. Da na ɗaga katakon da ƙwallon yake gudu a kai, wallahi sai da na ja da baya. Babu allon lantarki irin na talabijin ko guda ɗaya. Waya ce kawai damƙi-damƙi, da koyil, wato naɗin wayar da ke zama maganaɗisu in wuta ta shiga, da ɗaruruwan 'yan siraran ƙarafa masu taɓa juna, da wani ƙaramin inji mai faifai a ƙasa. Zanzaro ya yi gidajen laka a kusurwa biyu. Ɓeraye sun tara yagaggun takardu a gaba, warin fitsarinsu kuwa ba a magana. Robobin da ke kewaye da turakan saman sun bushe, da an taɓa sai su farfashe. Ƙwallon yana nan, amma ya koma ruwan ƙasa.

Gilashin kan bai fashe ba. Sai dai in ka haska shi da tocila ta baya, za ka ga fentin ya fara tashi a ƙasa ta hagu, faɗin tafin hannu.

Ni sana'ata gyaran firji da fanka, ina kuma ɗan taɓa walda. Na iya aiki da mita, na iya like waya da dalma, amma irin wannan ban taɓa buɗewa ba. Yaya ya riga ya kira mai sayen gwangwan, ya zo ya ɗaga taransifoman ya ji nauyinsa, ya yi tayin jaka ashirin. Yaya ya ce a karɓa, a cewarsa jan ƙarfen ciki ne kaɗai abin amfani. Na roƙe shi ya ba ni zuwa ƙarshen wata.

To jama'a, abin da tsatsa ta ci haka yana tashi kuwa? In yana tashi, ta ina ake farawa? In kuma wahalar banza ce, ku faɗa mini gaskiya in sallama.

Baba Mai Rediyo, Marwa:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kawunku, ya ba ku haƙuri.

Abu na farko, kada ka sa shi a wuta. Na san hannunka yana ƙaiƙayi, amma ka daure. Injin da ya shekara da shekaru a ajiye, in aka jona shi haka nan, koyil ɗaya zai iya maƙalewa ya yi ta jan wuta har ya ƙone, kana tsaye kana murna fitilu sun kama.

Tsatsar da ta tayar maka da hankali ita ce mafi sauƙi a duk abin da ka lissafa. Ƙafafu da ƙofa ai aikinka ne, kai da kake walda: burushin ƙarfe, samfefa, fenti, an gama. Ƙananan ƙarafa a jiƙa su a binega kwana ɗaya, a wanke, a busar nan take, a shafa ɗan mai don kada ta dawo. Abin da yake kashe waɗannan injina uku ne, ka je ka duba su kafin ka kashe ko dala.

Katako. Ka ɗauki sukuddireba ka bi gindin akwatin da kusurwoyinsa kana dannawa. In gara ta shiga, za ka ji ya lotsa. Akwati ma da sauƙi, kafinta zai yi maka wani gindin. Wanda ba ya da magani shi ne katakon saman, mai zane, inda ƙwallon yake gudu. Filawud ne. In ruwa ya taɓa shi ya kumbura, ɓawonsa ya rabu, ko ya lanƙwashe, to ƙwallon ba zai ƙara gudu daidai ba, kuma babu kafintan da zai zana maka irinsa a ramuka ɗaya da tsohon. Ka ɗora doguwar rula a kai ka leƙa ta ƙasa, ko haske yana wucewa.

Na biyu gilashin kai. Fentin a baya yake, shi ya sa yake tashi. Kada ka goge bayan da komai, ko da busasshen tsumma, ruwa kuwa kada ya kusance shi. Ka zare shi a hankali, ku biyu, ka kwantar da shi fentin yana kallon sama a ɗakin da rana ba ta bugu. Zafin Garwa na watan Maris da Afrilu a ƙarƙashin kwano shi ne ya yi masa wannan aikin, don gilashi da fenti ba sa miƙewa tare.

Na uku, cikar kaya. Ka ƙirga ko akwai inda aka yanke waya aka cire wani abu. Wanda ya yi datti ana wankewa, wanda aka sace kuwa sai an sayo daga Turai.

In ukun nan sun yi kyau, sauran haƙuri ne kawai. Waɗannan injina ba su da ƙwaƙwalwa irin ta kwamfuta. Duk tunaninsu a rile ne, wato koyil mai buɗe makunni da rufe shi, da kuma makunnai, siraran ƙarafan nan masu taɓa juna da ka gani. Ƙaramin injin da ka gani a ƙasa mai faifai, shi ne yake tsara komai: in ƙwallo ya ci maki 500, zai juya ya taɓa makunni sau biyar, faifan lamba mai nuna maki ya motsa sau biyar, ƙararrawa ta buga sau biyar. Idonka yana ganin abin da yake faruwa, ba kamar rediyon yanzu da ake cire allo a jefar ba. Na Gottlieb koyil ɗinsa wajen volt 25 suke ci, ƙwayayen fitilu volt 6. Amma ka kiyayi wajen taransifoma da ƙofar kuɗi, a wasu injinan wutar gida tana bi ta nan kai tsaye. Ka canja igiyar wutar gaba ɗaya ka sa mai waya uku, ka haɗa ta ƙasa da ƙarafan jiki. Ka ciro fiyus ɗaya bayan ɗaya ka karanta lambarsa. In ka tarar an naɗa waya ko takardar sigari a madadinsa, kada ka yi mamaki, mun san halinmu.

Ka kuma duba jikin taransifoman ko na 220 ne. Waɗanda aka kai Faransa yawanci an shirya su don wutar can, volt 220 da bugu 50 a daƙiƙa, daidai da tamu. In kuwa na kasuwar Amurka ne, 110 yake ci, sai ka nemo mai rage wuta, kuma injin faifan zai yi tafiya a hankali kaɗan tunda an yi shi don bugu 60.

Wani abu da bushewar ƙasarmu take yi: tsakanin siraran ƙarafan nan akwai 'yan ɓallayen da ke raba su, sukuru biyu sun danne su. Da shekaru sai su tsuke, sukurun su saki, makunnin ya daina taɓawa daidai. Mai gaggawa zai kama lanƙwasa ƙarafan ya ɓata saitin da aka yi tun daga masana'anta. Ka fara ɗaure sukurun tukuna, na kusa da bakin makunni da farko. Bakin makunnin kuma ka sa ɗan kati mai kauri a tsakani, ka matse, ka ja. Za ka ga baƙi ya fito a katin.

Abin da na hana ka har abada: man feshi na gwangwani da kuke fesa wa kwaɗo da noti. Waɗannan makunnai tartsatsi suke yi duk lokacin da suka buɗe, man kuma yana kama wuta, sannan yana tara ƙurar hunturu ya zama kwaɓaɓɓe. Sandar ƙarfen da ke shiga cikin koyil ma a bushe take aiki, ba a sa mata mai ko ɗigo. Inda ake sa ɗan giris shi ne manyan fayafayan nan masu haƙora da ke matsawa taki-taki, bayan an kwance su an wanke tsohon giris ɗin da ya daskare. Ka ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire kowace sipirin, ka ƙirga zagaye nawa aka naɗa ta.

Na mutum huɗu ka samu, wato fayafayan lamba goma sha shida a kai, kowanne sai an buɗe an wanke. Aikin watanni ne ga mai yi da dare bayan ya rufe shago.

Alhaji na Kasuwar Gero, Njamena:

Salam. Ni ban san rile ba, lissafi na sani. Baba ya faɗi yadda ake gyarawa, bai faɗi wanda zai biya ba.

Ƙanena, ka ce gado ne. To ba naka ba ne kai kaɗai, har da Yayanka da duk mai haƙƙi a ciki. Kafin ka sa hannu ku zauna a yi masa kuɗi, ka biya, ya zama naka a gaban shaidu. In ba haka ba, ranar da ya tashi yana walƙiya yana buga ƙararrawa, ranar za a tuna cewa na kawu ne.

Sannan ka tambayi kanka, in ya tashi wa zai saya? A Turai akwai masu tara irin waɗannan suna biya da tsada, na ji. Amma kai a Garwa kake. Abu ne mai nauyin fiye da buhu biyu na siminti, ga gilashi biyu. Ka ɗora shi a mota zuwa Ngaundere, jirgin ƙasa zuwa Yawunde, daga nan Duwala, sannan jirgin ruwa. Kuɗin hanya kaɗai ya cinye ribar. Yaran yanzu kuwa wasan ƙwallo suke so a talabijin, ko a wayarsu. Ga batun wuta, yau akwai gobe babu, in ta dawo kuma ta zo da ƙarfi.

Batun katako ina bayan Baba. Lokacin ambaliyar 2022 na ga abin da ruwa ya yi wa kabad da gadajen filawud a Walia, da sun bushe sai su buɗe shafi-shafi. In gindin naka ya taɓa zama a ruwa, ka karɓi kuɗin mai gwangwan. Sai dai jaka ashirin ya yi kaɗan, ka ce ya ƙara, ya san abin da ya gani a cikin taransifoman nan.

Maman Hafsa, Ngaundere:

Ni tambayata dabam ce. Malam, ka ce ana jefa kuɗi a ciki, kuma sunansa da zanensa duk na karta ne. Wannan ba na'urar caca ba ce? In ka gyara a ina za ka ajiye? In a ƙofar shago ne yara su riƙa jefa kuɗin da aka aike su cefane, iyaye ba za su gode maka ba. Ka tambayi malamin unguwarku kafin ka zuba wahalarka.

Ɗan Kusiri a Liyon, Faransa:

Hajiya, tambayarki a wurinta take, kuma ba ke kika fara yin ta ba. Birnin New York ya haramta filipa tun 1942 a kan cewa caca ce, 'yan sanda suna farfasa injinan da guduma. Sai a 1976, shekarar da aka ƙera wannan na Malam, aka janye dokar, bayan wani mai suna Roger Sharpe ya buga a gaban majalisar birnin ya nuna musu cewa gwaninta ce take kai ƙwallon inda ake so. Na farkon-farko ba su da hannuwan tarewa, harbawa kawai ake yi a zuba ido. Kamfanin Gottlieb ɗin nan na Chicago ne ya fara sa hannuwan a 1947. Irin wannan ba ya fitar da kuɗi ko sisi. Iyakar abin da yake bayarwa shi ne wasa ɗaya kyauta in ka kai wani adadin maki, sai ka ji ya buga ƙwal a cikin akwati. Katunan kuma 'yan allunan roba ne guda tara a jere, in ƙwallo ya bugi ɗaya sai ya nutse. Ana iya saita shi ya yi aiki ba tare da an jefa komai ba, a toshe ramin kuɗin ma gaba ɗaya. Hukuncin kam na malamai ne, ni dai na faɗi yadda abin yake aiki.

Malam Ɗan Yelwa, a nan Faransa Gottlieb ya yi yawa a gidajen shan kofi a shekarun 1970, shi ya sa har yau ana samun kayansa. Saitin robobi, sabon ƙwallo, ƙwayayen fitila masu lamba 44 ko 47, fiyus, duk ƙananan kaya ne da za su shiga aljihun jaka. Ka nemi 47, ba su kai 44 zafi ba, gilashinka zai fi samun sauƙi. Tsohon ƙwallon nan kada ya sake taɓa katakon, mai tsatsa kankare fenti yake yi. Girmansa milimita 27, ka gwada wurin masu sayar da boris na manyan motoci ko za a dace.

Abin da ba za ka iya yi ba tare da shi ba shi ne taswirar wayoyin. Na wasu kamfanoni ana samu kyauta a intanet, na Gottlieb kuwa yawanci saye ake yi. Ka duba cikin kan injin da gindin akwatin, da can ana barin ta a ciki a naɗe. Doguwar takarda ce sosai. Allah ya sa ba ita ɓerayen suka yi sheƙa da ita ba.

Ina zuwa gida hutu in Allah ya yarda, ta Njamena zan sauka. In ka yanke shawara ka turo mini jerin abin da kake so, in bar maka a Kusiri wurin masu motocin Marwa.

Ɗan Yelwa, Garwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya bayan la'asar na koma da sukuddireba da rula kamar yadda Baba ya ce.

Gara ta ci gindin akwatin ta baya, wajen taki ɗaya, sukuddireba ta shige ba wahala. Amma ba ta hau sama ba, da alama bulon da kawu ya sa ya taimaka. Katakon saman a miƙe yake, rula ta kwanta lif. Na sa ɗan tsumma mai laushi a kusurwa ɗaya na goge ƙurar, sai ga ja da shuɗi sun fito, fentin ya goge ne kawai a gaban hannuwan biyu, inda katako ya bayyana kamar faɗin kwabo. Taransifoman an rubuta 220 a ɗaya daga bakunansa, kuma a nan wayar take. Koyil ɗaya a ƙarƙashin hannun dama ya yi baƙi, takardar jikinsa ta ƙone. Fiyus biyu an naɗa musu waya, Baba ka yi gaskiya. Ƙararrawar ƙarfe uku ce, biyu suna nan, ɗaya babu. Waya shida ɓera ya gutsure, duk a wuri ɗaya, kuma ana ganin launinsu.

Taswirar kuwa, rabi ɓera ya ci, rabi yana nan. Na shimfiɗa ta a ƙarƙashin katifa ta miƙe.

Alhaji, na bi maganarka. Mun zauna da Yaya da Inna, na ce zan biya jaka talatin a sa a cikin gado, kowa ya amince, maƙwabcinmu ya shaida. Yaya dai yana ta dariya, wai na sayi gidan ɓera. Hajiya, a cikin gida zai zauna, ramin kuɗin kuma zan like shi da walda. Zan yi wa liman maganar zanen ranar Juma'a.

Baba, tambaya biyu. Koyil ɗin da ya ƙone, zan iya kai wa mai naɗin fanka ya sake naɗa shi? Sannan da wanne zan fara, kai ko ƙasa?

Baba Mai Rediyo, Marwa:

Ana naɗawa, amma wannan na hannu ne, naɗi biyu ne a jiki ɗaya: mai kauri da yake bugun ƙwallo, da siriri da yake riƙe hannun a sama in an danne maɓalli. Dole mai naɗin ya warware yana ƙirga zagayen kowanne, ya kuma sa waya mai kauri ɗaya da ta asali. In ɗanmu na Liyon zai samo sabo, ka karanta masa lambar da ke jikin na hagu, ya fi. Kuma ka duba ɗan makunnin da ke kusa da shi, wanda ya kamata ya buɗe idan hannun ya kai ƙarshe. In bai buɗe ba, shi ne ya ƙone wancan, zai kuma ƙone sabon.

Da ƙasa za ka fara. Ka zare filogan da suka haɗa kai da jiki, ka fitar da katakon ƙasa, wanda injin faifan yake kai, gaba ɗaya ka ɗora a tebur, akwatin ya tafi wurin kafinta a sa masa maganin gara. Ka rufe hancinka da baki lokacin share kashin ɓeran, ka ɗan yayyafa ruwan bilic a kan sheƙar kafin ka kwashe, amma kada ya taɓa makunnai. Ka juya injin faifan da hannu ka ji ko yana tafiya sumul. In ka gama wannan ka turo hoton wayoyi shidan nan da rabin taswirar, mu ga ko ɓangaren da ya rage ya kai wurinsu.